Kalma Ma Tana Da Iyaye



Yau da tonon asirin kaina zan fara. Shekarun baya na rubuta wani labarin yaƙi ina sakinsa shafi-shafi. Sarkin labarin sunansa Zarƙuf, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya Rajindal, 'yarsa kuwa Melisra. Ina ji da sunayen nan ba kaɗan ba, don sai da na yi dare biyu ina jujjuya haruffa kafin su fito. Kwatsam wata baiwar Allah cikin masu bibiyar labarin ta turo mini saƙo: "Malam, don Allah wane yare ake yi a gidan Sarki Zarƙuf? Na ga kamar uban Balarabe ne, ƙaninsa Ba'indiye, 'yarsa kuma Baturiya." Na tura mata alamar dariya, amma gaskiya dariyar yaƙe ce. Ba ni da amsa. Sunayen ba su da ma'ana, ba su san juna ba, ni ma ban san inda suka fito ba. Daɗinsu kawai kunnena ya ji.

Tun daga ranar nake lura da wannan cuta a rubutunmu, musamman mu masu son labaran almara, na yaƙi, na aljanu da na wasu duniyoyi. Za ka ga marubuci ya yi wahala ya gina birni mai ƙofa goma sha biyu, ya tsara runduna, ya ƙera takobin tsafi, amma da ya zo raɗin suna sai ya rufe ido ya damƙo duk abin da ya faɗo masa. Ra'ayina a nan shi ne, ƙagaggiyar kalma ba ta kama zuciyar mai karatu sai tana da dangi. Ya zamana tana da saiwar da ta tsiro daga gare ta, da 'yan uwan da take kama da su, da kuma alamar cewa bakuna sun daɗe suna taunarta. Ba ado ba ne wannan. Shi ne abin da ke sa mai karatu ya yarda mutanen nan sun rayu kafin shafi na ɗaya.

Ba za a yi wannan magana ba tare da an ambaci Baturen Ingila J.R.R. Tolkien ba, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1973. Da yawanmu fina-finan The Lord of the Rings muka sani, ba littafin ba, wanda ya fito a 1954 da 1955. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin nan asalin sana'arsa bin diddigin kalmomi ce. A 1919 da 1920 ya yi aiki a babban ƙamusun Turanci na Oxford, inda aka damƙa masa wani rukunin kalmomi masu farawa da harafin W ya nemo asalinsu, daga baya ya zama farfesan tsohon Turanci a jami'ar. Da bakinsa ya faɗa a wata wasiƙa cewa harsunan ya fara ƙagawa, labarin daga baya ya zo domin harsunan su sami duniyar da za a yi magana da su.

Ga yadda ya yi. Cikin labarinsa akwai wasu halittu masu kama da mutane da ba sa tsufa, ana kiransu Elf. Bai zauna ya jero musu kalmomi kamar mai rubuta jerin cefane ba. Sai ya fara ƙaga musu tsohon harshe guda ɗaya, na kakanni, mai ɗauke da saiwoyi. Sannan ya raba al'ummar, wasu suka ƙetare teku, wasu suka zauna, kowane ɓangare harshensa ya riƙa sauyawa bisa ƙa'idarsa. Ɗaya ya zama Quenya, wanda ya ba shi ƙamshin harshen mutanen Finlan, ɗayan ya zama Sindarin, mai ƙamshin harshen mutanen Wales. Tsohuwar kalmar itace, galada, a Quenya ta zubar da baƙin farko ta koma alda, a Sindarin ta zubar da wasalin ƙarshe ta koma galadh. Sautin kw na kakanni ya zauna a Quenya, a Sindarin ya rikiɗe ya zama p, shi ya sa "kalma" ita ce quetta a can, peth a nan. Kundin saiwoyin da ya tara a shekarun 1930 bai ma buga shi ba, ɗansa Christopher ne ya fitar da shi a 1987.

Wani zai ce, to mai karatu ina ruwansa da duk wannan? Ruwansa yana nan, ko da bai sani ba. A Sindarin mor na nufin baƙi ko duhu, dor na nufin ƙasa, gond dutse. Ƙasar mugun sarkin labarin ita ce Mordor, baƙar ƙasa. Ƙasar jaruman da ke gaba da shi, masu gine-ginen dutse, ita ce Gondor. Ramin nan mai ban tsoro da ke ƙarƙashin duwatsu Moria ne. Tsohon maƙiyi na farko Morgoth ne. Ba sai an yi wa mai karatu darasi ba, da ya ci karo da mor sau uku, a karo na huɗu gabansa zai faɗi tun kafin a ce masa wurin ba lafiya. Haka mith, wato toka-toka: dattijo Gandalf mai tufafi ruwan toka, Elf na kiransa Mithrandir, ƙarfen nan mai daraja kuma mithril. Kunne ne ke koyon harshen a ɓoye, mai kunnen yana can yana bin labari.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne dai muke mantawa idan mun ɗauki alƙalami. Birnin Kebbi, Birnin Gwari, Birnin Kudu, Birnin Ƙonni. Tudun Wada a nan, Tudun Wada a can. Duk garin da ka shiga ka ji Sabon Gari ko Zango, ka san baƙi ne suka fara zama a wurin tun ba a gaya maka ba. Ƙasa ta gaskiya sunayenta maimaita kansu suke yi, domin mutanen da suka raɗa su harshe ɗaya suke yi, kuma dutse da rafi da kasuwa ne a gabansu, ba ƙamus ba. Taswirar da kowane gari yake da suna mai ban mamaki, babu biyu masu kama, taswirar mutum ɗaya ce da ya zauna a ɗaki.

Inda Tolkien ya fi burge ni ba a saiwoyin ba ne, a yadda ya bar tarihi ya taka sunayen ne. Akwai hasumiyoyi biyu a Gondor, Minas Anor da Minas Ithil, hasumiyar rana da hasumiyar wata. Da maƙiya suka ci ta wata, sai sunanta ya koma Minas Morgul, hasumiyar baƙin sihiri (ga mor ɗin nan ya sake leƙowa). Ita kuma ta rana, da ta wayi gari kullum tana zuba ido ga maƙiyi, sai aka koma kiranta Minas Tirith, hasumiyar gadi. A sunaye huɗu an ba ka labarin faɗuwar daula. Moria ma ba haka masu ita ke kiranta ba. Gajerun maƙeran da suka haƙa ta, Khazad-dûm suke cewa, suna na alfahari. Moria sunan da wasu suka laƙaba mata ne. Ashe wuri ɗaya na iya samun sunan gida da sunan waje, sunan masoyi da sunan maƙiyi, kuma wanda tauraronka ya zaɓa ya furta zai nuna ɓangaren da yake ba tare da ka ce komai ba.

Su waɗannan maƙeran, harshensu zai ba ɗaliban Islamiyya sha'awa. Tolkien ya gina shi a kan tsarin Larabci da Ibrananci, wato saiwa mai baƙaƙe uku da ake cusa wa wasula. Kamar yadda k-t-b ke ba mu kataba da kitab da katib da maktaba, haka kh-z-d ke ba da khuzd, mutum ɗaya, da khazâd, jam'i. Lura da kyau, tsarin ya ara, ba kalmomin ba. Zan dawo kan wannan.

Sai kuma kogin da Elf suka raɗa wa Baranduin, wato babban kogi mai ruwan ƙasa-ƙasa. Hobbit, waɗannan ƙananan manoma masu son ci da sha, ba sa jin Sindarin. A fassarar labarin sai sunan ya fito a bakinsu Brandywine, wanda a kunnen Bature sunayen giya ne iri biyu aka haɗa. Haka mutane suke yi ko'ina: idan kalma ta zo musu ba su gane ta ba, sai su lanƙwasa ta zuwa abin da suka sani, sannan su ƙaga mata labari.

Mu kuwa a wannan fage ba mu da na biyu. Ku tuna labarin Bayajida. Ana cewa sunan daga "ba ya ji da" ya fito, don baƙo ne da ba ya jin yaren garin. Macijin rijiyar Kusugu sunansa Sarki, wanda ya kashe shi ya zama Makas-sarki, daga nan wai kalmar sarki ta samo asali. Ɗan ƙwarƙwara aka sa masa Karɓagari, ita kuma Daurama da ta haihu ta sa wa nata Bawo, wato a dawo da garin. Masana harshe na iya musun kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai, amma a matsayinmu na masu ba da labari abin dubawa daban ne: rikicin gadon sarauta gaba ɗaya an ɗaure shi a cikin sunaye biyu na jarirai. Kakanninmu sun san suna makami ne a labari tun kafin a haifi kakan Tolkien. Har a zamaninmu abin bai tsaya ba. Shekara nawa aka yi ana koya mana cewa boko daga kalmar Turanci ta littafi ta fito? Sai a 2013 Paul Newman ya rubuta maƙala yana nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi ko yaudara, kamar a "amaryar boko", kamannin sautin ne kawai ya ruɗi mutane. Marubucin da ya sa wa mutanen duniyarsa irin wannan kuskure, suna tinƙaho da asalin kalmar da ba shi ne asalinta ba, ya ba su rai.

In kana neman makarantar koyon ƙaga harshe, ba sai ka je Oxford ba, tana cikin bakinka. Me ya sa muke cewa talaka amma talauci? Me ya sa zuciya jam'inta zukata, ɓauna ɓakane, buzu bugaje? Domin a tsohuwar Hausa k ko g da ya faɗo ƙarshen gaɓa ya narke ya zama u, sai jam'in ya adana tsohon baƙin. Wani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya fara tsara bayanin wannan a ƙarshen shekarun 1920, har ƙa'idar ke ɗauke da sunansa. A Kano narkewar ta haɗa har da b da m, a Sakkwato ba ta kai can ba, shi ya sa Bakano ke cewa aure, zauna, sauro, auduga, Basakkwace na cewa amre, zamna, sabro, abduga. Wannan shi ne Quenya da Sindarin ɗinmu, a raye, ana sayen goro da shi. Ga kuma ganɗantawa: mota motoci, kaza kaji, Hausa Bahaushe. Ƙa'ida ce ke aiki, ba son rai ba, kuma ƙa'ida biyu ko uku irin waɗannan sun ishe ka raba al'umma ɗaya gida biyu a labarinka.

Kalmomin aro kuma su ne rajistar baƙin da al'umma ta taɓa saukewa. Littafi daga al-kitab, labari daga al-khabar, allura daga al-ibra: malamai da fatake sun zo. Takobi daga takoba ta Buzaye. Kasuwa ta biyo ta Barebari, waɗanda ke cewa kasugu. Agogo da keke da ashana daga Yarbawa. Sule da sisi da kwabo daga kuɗin Ingila, kuɗin sun mutu amma har gobe ana cewa "ba ni da ko sisi". Ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ka ji yaro zai tafi lakwal wurin mushe, ka san wani Bature daban ne ya mulke su. Ma'ana ma tafiya take yi: jirgi na ruwa ne kawai a da, yau yana bin dogo yana tashi sama. Waya zaren ƙarfe ce, yau ga ta a hannunka babu zare ko ɗaya. Saboda haka in daularka ta yi shekara ɗari biyu tana yaƙi da maƙwabciyarta, ko tana sayen gishiri a wurinta, amma babu kalma ɗaya da ta tsallaka tsakaninsu, akwai ƙarya a wani wuri.

Na san abin da wasu ke shirin faɗa, don ni ma na faɗa a da: mai karatu labari yake so, ba nahawu ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ga hujja babba. George R. R. Martin, wanda littafinsa A Game of Thrones ya fito a 1996, bai ƙaga harshe ba. 'Yan kalmomi kawai ya watsa, littafin kuma ya karɓu a duniya. Sai da za a mai da shi fim mai dogon zango, wanda aka fara nunawa a 2011, sannan aka ɗauko masanin harshe David J. Peterson ya gina Dothraki, daga baya ya gina Valyrian. To amma ku duba 'yan kalmomin da Martin ya watsa ɗin. Shugaban mahayan nan khal ne, matarsa khaleesi, rundunarsa khalasar. 'Yan gidan Targaryen: Daenerys, Viserys, Aegon, Aemon, Rhaegar. 'Yan gidan Lannister: Tywin, Tyrion, Tytos. Ko an ɓoye maka sunan gida za ka iya raba su. Wato shi ma bai tsere wa ƙa'idar dangi ba, ya dai tsaya a mafi ƙarancinta. Wannan mafi ƙarancin ne Zarƙuf da Rajindal da Melisra suka kasa cikawa. Da Peterson ya zo, kan waɗannan 'yan ƙwayoyi ya ɗora gininsa, har sunan al'ummar ya danganta shi da aikatau dothralat, hawan doki, ya zamana sunansu na nufin mahaya.

Kuma kada a ɗauka dole sai saiwa ta riga suna zuwa. Kalmar hobbit haka kawai ta faɗo wa Tolkien yana gyaran takardun jarrabawa, ya rubuta ta a wani shafi da ɗalibi ya bari fari. Sai daga baya ya koma ya nema mata kaka, holbytla, mai gina rami, daga tsohon Turanci. Peterson ma kyanwa a Valyrian kēli ya kira ta, sunan kyanwar gidansa ke nan. Babu laifi kunne ya riga hankali. Laifin shi ne a bar yaron a titi ba a nema masa gida ba.

Yanzu in dawo kan aro, don nan ne muka fi zamewa. Mafi yawan ƙagaggun sunayenmu Larabcin bogi ne: a ɗauko "ul" ko "al" a liƙa, a ƙara "z" da "sh", shi ke nan an yi birni. Frank Herbert ya cika littafinsa Dune na 1965 da Larabci, irin su Lisan al-Gaib da Mahdi, amma ya ba da dalili a cikin labarin, cewa mutanen saharar tasa zuriyar wasu masu hijira ne da addininsu ke da jijiya a Musulunci. Sannan mafi yawan masu karatunsa ba sa jin Larabci. Namu fa? Namu sun yi allo, sun yi Islamiyya, wasu sun yi digiri a kai. Idan ka haɗa gutsattsarin Larabci da ka, akwai wadda za ta karanta ta ga ka sa wa gimbiya suna mai nufin wani abin dariya, ko ka liƙa "Abdul" a gaban kalmar da ba ta dace ba ka ba wa matsafi. Wannan ya wuce kuskuren adabi, yana iya jawo maka abin da ba ka shirya ba. Shi ya sa na ce a lura da dabarar Tolkien ta aron tsari a bar kalmomi.

Bari in gwada abin a gabanku, don kada ya zama wa'azi babu alwala. A ce ina da wata al'umma ta masunta a bakin tafki. Na ba su saiwoyi uku da ɗafi ɗaya: lim ruwa, kur mazauni, mab dutse, sai sal kwalekwale da ɗafa-ƙeyar -ani, mai yin abu. (Huɗu ke nan, na ƙara ɗaya, haka abin yake ja.) Garinsu Limkur. Wanda ke riƙe da akalar babban kwalekwale ranar kamun kifi shi ne salani. Sai maƙiya suka kore su, suka hau duwatsu, suka kafa Mabkur. Na sa musu ƙa'ida biyu: k bayan wani baƙi ya koma g, sannan na ari ta Kanawa, b a ƙarshen gaɓa ya narke. Bayan shekara ɗari uku garinsu Maugur ne, tsohon garin kuwa a waƙoƙin tsofaffi kawai ya rage, Lingur, yara na ɗauka sunan aljanna ne. Sarkinsu har yanzu Salani ake ce masa, alhali babu wanda ya taɓa ganin kwalekwale, malaman fada ma sun ƙaga cewa kalmar na nufin zaɓaɓɓen sama. Ranar da yarinyar labarina ta sauka kwari a karon farko, ta ji wani tsohon masunci ya nuna wani ruɓaɓɓen katako a bakin ruwa ya ce sal, me kuke jin zai faru a ranta? Me zai faru da fadar da ta gina ikonta kan waccan fassara? Ban zauna neman jigo ba, kalmomi huɗu ne suka miƙo mini shi.

In kuna ganin na yi nisa da ƙage, ku bi sawun kalmar gwamna. Daga Turanci muka aro ta, Turanci ya samo ta ta hanyar Faransanci daga Latin, Latin kuma daga kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa. Duk ranar da muka ce "mai girma gwamna" a garin da ko kogi babu, salani muke cewa.

Akwai rami a ɗaya gefen, kuma na ga waɗanda suka faɗa. Ƙaga kalmomi yana da daɗi fiye da rubuta babi na goma sha bakwai, don haka yana iya zama wurin ɓuya ga malalacin marubuci mai kama da ƙwazo. Tolkien kansa bai tsira ba. Ya yi ta sauya saiwoyi da gyara asalin sunaye har ƙarshen rayuwarsa, babban aikin da ya fi so, The Silmarillion, bai kammala shi ba, sai a 1977 aka buga, shekara huɗu bayan mutuwarsa. Shi aƙalla ya bar littattafan da suka fita. Kai da ba ka fitar da ko ɗaya ba, saiwa ashirin zuwa talatin a bayan littafin rubutunka sun isa: ruwa, wuta, dutse, gari, babba, ƙarami, baƙi, fari, uwa, ɗa, sarki, mutuwa, da makamantansu. Kuma wannan takarda taka ce, ba ta mai karatu ba. Kada ka tsayar da yaƙi ana tsakiyar sara ka ce "wanda a harshensu yake nufin kaza". Bar ma'anar ta fito inda ake bukatarta. A ƙofar Moria, Gandalf ya ƙare duk kalmomin sihirin da ya sani ƙofa ta ƙi buɗewa, ashe mabuɗin kalmar "aboki" ce kawai a Sindarin, mellon, tana ma rubuce a jikin ƙofar, don an yi ta ne a zamanin da ake zaman amana. Kalma ɗaya aka fassara, a daidai lokacin da rayukansu suka rataya a kanta, kuma ta gaya mana abin da duniyar ta rasa.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai. Littattafanmu yanzu ana sauraronsu kusan yadda ake karanta su, a YouTube da rediyo. Sunan da ka cika da x da v da th zai yi kyau a ido, amma mai karantawa zai yi tuntuɓe a kansa sau ɗari uku, ko ya sauya masa furuci a kowane babi. Furta kowane suna da ƙarfi kafin ka amince da shi, ka ba ƙanwarka ta karanta ba tare da ka gaya mata yadda ake faɗa ba. Tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali (kuka na itace da kuka na hawaye, wuya ta jiki da wuya ta wahala, duk rubutu ɗaya ne), gwada sunan da kowane kari, kada jarumin da ka sha wahala a kansa ya fito a bakin mutane da sunan wani abin da ba a faɗa a gaban surukai.

A watan jiya na sake buɗe tsohon labarin nan. Zarƙuf ya tsira, na raba shi gida biyu, zar da ƙuf, na ba kowanne ma'ana, ƙaninsa kuma ya tashi daga Rajindal ya koma Zarmun, don su yi tarayya a sunan gida. Melisra ce ta ba ni wahala, domin masu karatu sun saba da ita, ni ma ina sonta. Na kwana uku ina neman yadda zan tanƙwara sunan ya shiga harshen ubanta, ya ƙi. A dare na huɗu sai na daina, na tambayi kaina wa ya raɗa mata shi. Ashe uwarta ba 'yar ƙasar ba ce, a yaƙi aka kamo ta, kuma wannan suna shi ne abu ɗaya tak da aka bari ta ba 'yarta da harshen garinsu. A fada ba mai iya furta shi daidai, Malisara suke cewa. Yanzu ina babi na shida na labarin uwar, matar da a rubutun farko ko ambatonta ban yi ba.